Gwanayen Baƙin Allo: Hikimar Zaɓen Linux Mai Wuya

A watan Janairun 2011, zamanin da Farfesa Attahiru Jega yake shugabantar hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, an rarraba na'urori 132,000 a faɗin Najeriya domin yi wa masu zaɓe sabuwar rajista. Kowace na'ura kwamfutar tafi-da-gidanka ce da aka haɗa mata kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da ɗan injin buga kati, kuma galibin waɗanda suka zauna a gabansu 'yan hidimar ƙasa ne. Kafin a rufe aikin a watan Fabrairu, sunayen mutane sama da miliyan 73 sun shiga kundi. Abin da ba kowa ya lura da shi a layin rajista ba shi ne, kwamfutocin nan ba Windows aka ɗora musu ba. Linux ce take tafiyar da su, manhajar rajistar kuwa ƙwararrun da hukumar ta tara ne suka rubuta ta.

A kwanakin farko an sha ƙorafi cewa na'urorin suna jan ƙafa wajen karɓar zanen yatsa. Layuka suka yi tsawo, rayuka suka ɓaci. Amma da yake asalin rubutun manhajar yana hannun masu aikin, sai aka yi mata gyara aka sake ɗorawa, rajista ta miƙe. Duk wanda ya iya irin wannan gyara cikin 'yan kwanaki, alhali ƙasa guda ta zuba masa ido, to ya daɗe yana shan wahalar koyo inda ba mai ganinsa.

Hedikwatar INEC tana kan titin Zambezi Crescent ne a Maitama. Ba nisa daga nan, a titin Aguiyi Ironsi, akwai hukumar sadarwa ta NCC da hukumar kula da jami'o'i ta NUC da otal ɗin Transcorp Hilton, ga ofisoshin jakadanci birjik a unguwar. Mai wucewa dogayen katangu yake gani da masu gadi da motoci masu baƙin gilashi. Sai dai ma'aikatu irin waɗannan ba sa rasa wani ɗaki mai tsananin sanyi a can ciki, inda manyan kwamfutocin da ake kira saba suke jere a kanta suna gurnani dare da rana. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su tabbatar waɗannan kwamfutoci ba su kwanta ba. Ba a tunawa da su sai ranar da imel ya tsaya ko shafin ma'aikata ya ƙi buɗewa. Idan ka leƙa gabansu, baƙin allo za ka gani da fararen haruffa suna gudu. Da yawa daga cikin gwanayen wannan aiki, akwai ranar da suka ajiye manhaja mai sauƙi da gangan suka rungumi mai wuya. Sanin wacce za a runguma, da lokacin da za a rungume ta, gwaninta ce mai zaman kanta.

Abin da ake zaɓa

Babbar manhaja ita ce take shiga tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajoji. Ita take raba wa kowane aiki ƙwaƙwalwa da lokaci, ita ta san inda kowane fayil yake kwance, ita take yanke hukuncin wa zai buɗe me. Windows ta Microsoft da macOS ta Apple a rufe suke: ka biya, ka yi amfani, amma ba ka da ikon duba rubutun da aka gina su da shi. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin samar da babbar manhajar da kowa zai iya karanta rubutunta, ya gyara, ya ba wani. A watan Agustan 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta ƙwayar tsakiya, wato ɓangaren da yake magana da ƙarfe kai tsaye. Haɗuwar ƙwayar Torvalds da kayan aikin GNU ita ta haifi abin da ake kira Linux a yau. Tun daga watan Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki, wayar Android da ke aljihunka ma a kan ƙwayar Linux take zaune.

Da yake ƙofa a buɗe take, kowa yana iya tattara ƙwayar da kayan aikin da ya ga dama ya fitar da nasa zubin. Shi ya sa ake da ɗaruruwan zubi. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a watan Oktoban 2004, da Linux Mint da ta biyo baya a 2006, an yi su ne domin mutum ya ɗora cikin ƙanƙanen lokaci ya kama aikinsa. Sun yi wa jama'a babban alheri, kuma babu aibu ga wanda ya tsaya a kansu. Amma sauƙin nan ba a banza yake zuwa ba, domin duk shawarar da ya kamata mai kwamfuta ya yanke an riga an yanke masa a bayan labule. Direban da ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna gwani ne a kan sitiyari, amma ranar da mota ta mutu masa a daji sai ya zauna jiran bakanike. Mai son zama bakaniken kwamfuta dole wata rana ya ɗaga bonet ya kwance inji da hannunsa, kuma aikin da zubin Linux masu wuya suke tilasta masa ke nan.

Abin da ɗora Arch yake koyarwa

Judd Vinet, ɗan ƙasar Kanada, shi ya fito da Arch Linux a watan Maris na 2002. Aƙidarta ita ce kada a ɗora maka abin da ba ka nema ba. Ka sauke ta, ka zuba a filashi, ka tayar da kwamfuta da ita, abin da zai tarbe ka baƙin allo ne da ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiran umarni. Babu hoto, babu abin dannawa.

Da farko sai ka haɗa intanet da hannu, da umarnin iwctl idan Wi-Fi za ka hau. Sannan ka kira lsblk ya jero maka faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar, ka ɗauki fdisk ka yanka shi kashi-kashi. A nan ne mutum yake fara sanin cewa faifan da ya daɗe yana zuba wa hotuna da finafinai yana da jadawalin rabo a farkonsa, cewa kwamfutocin zamani suna da wani ɗan yanki da ake kira EFI wanda daga cikinsa suke tashi, da kuma cewa ana ware wani yanki da ƙwaƙwalwa take sauke wa kaya idan ta cika. Kowane yanki sai ka zaɓa masa tsarin jera fayil, ko ext4 da aka daɗe ana dogaro da shi, ko btrfs da yake iya ɗaukar hoton halin da faifai yake ciki domin a koma masa in abu ya lalace. Bayan haka pacstrap zai zuba maka ƙwayar da kayan aikin farko, kai kuma ka samar da fayil ɗin fstab, wanda yake faɗa wa kwamfuta wane yanki za ta ɗaura a ina duk lokacin da ta tashi.

Daga nan sai matakin da ya fi kowanne ban sha'awa. Da umarnin arch-chroot, kana shiga cikin sabon tsarin tun bai taɓa tashi da ƙafarsa ba, ka yi aiki a cikinsa kamar ya riga ya tashi. Ka saita agogo a kan Africa/Lagos idan a Maitama ko Zariya kake, ko Africa/Niamey idan a Maraɗi kake. Ka buɗe jerin harsuna ka zaɓi naka, a cikin jerin kuwa har da ha_NG, wato Hausar Najeriya. Ka raɗa wa kwamfutar suna, ka sa kalmar sirrin babban mai iko, ka ɗora manhajar tayarwa irin su GRUB, sannan ka zare filashi ka sake kunnawa.

Akwai tarkon da sababbin shiga suka saba faɗawa a nan, kuma masana ba sa baƙin cikin ganin haka. Kwamfuta ta tashi, yaro ya yi murna, sai ya tarar babu intanet, domin bai ɗora manhajar haɗa sadarwa ba, kuma babu yadda zai sauko da ita ba tare da intanet ba. Mafita ɗaya ce: ya mayar da filashi, ya ɗaura faifan da hannu, ya sake shiga ta chroot, ya ɗora abin da ya manta. Wannan zagaye da ya yi cikin takaici shi ne ainihin hanyar da ake bi a ceto sabar ma'aikata ranar da ta ƙi tashi. Ya koye ta a kan kwamfutar da babu albashin kowa a ciki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Arch ba ta da zubi na ɗaya ko na biyu da ake jira. Kullum sababbin manhajoji suna gangarowa, umarnin pacman -Syu kuma yana sabunta komai a lokaci guda. Wani lokacin sabuntawar tana buƙatar mutum ya sa hannu ya gyara wani abu, shi ya sa mai Arch yake sabawa da karanta sanarwa kafin ya danna. Kundin bayaninta, ArchWiki, ya yi sunan da har masu wasu zubin can suke zuwa neman amsa. Tun 2021 an saka wata manhaja mai suna archinstall da take sauƙaƙa ɗorawa, amma mai neman ilimi gara ya fara bin doguwar hanya. Kada kuma a ɗauka Arch abin wasan masu lokaci ce kawai: a kanta kamfanin Valve ya gina manhajar na'urar wasanninsa ta Steam Deck da ta fito a 2022.

Matakan da ke sama

Wanda Arch ba ta ishe shi ba, Gentoo tana jiransa. Daniel Robbins ne ya assasa ta, zubinta na 1.0 ya fito a 2002. A Arch manhajoji a shirye suke zuwa, ka sauke ka ɗora. A Gentoo kuwa asalin rubutun ake sauko maka da shi, kwamfutarka ce za ta juya shi zuwa harshen inji ta hanyar tsarin Portage da umarnin emerge. Kafin juyawar, kai za ka faɗi abin da za a saka a cikin kowace manhaja da abin da za a bari a waje: ta san Bluetooth ko kada ta sani, ta iya aika aiki ga injin buga takarda ko a'a. Ƙwayar Linux kanta kana iya zama ka tace ta, ka cire duk abin da ya shafi na'urorin da ba ka da su. Mai Gentoo yana sanin wace manhaja ce ta jingina da wace, domin in ya zare ɗaya da idonsa yake ganin waɗanda suka faɗi. Google ma da Portage yake harhaɗa ChromeOS.

Slackware, wadda Patrick Volkerding ya fitar a watan Yulin 1993, ita ce mafi tsufa a cikin zubin da har yanzu ake kula da su. Ba ta bi maka sawun abin da sabuwar manhaja take buƙata, kai za ka bi da kanka. Rubutun da yake tayar da ita kuwa a fili yake, mutum yana iya karanta shi daga sama har ƙasa ya ga abin da yake faruwa tun daga kunnawa har zuwa wurin sa kalmar sirri. Ba ta san gaggawa ba: daga zubi na 14.2 a 2016, sai a watan Fabrairun 2022 na 15.0 ya fito.

Ƙololuwar matakan ita ce Linux From Scratch, littafin da Gerard Beekmans ya fara wallafawa a 1999. Littafi ne zalla, yana bi da kai mataki-mataki ka gina taka Linux ɗin daga asalin rubutu. Sai ka fara harhaɗa kayan harhaɗawar kansu, irin su binutils da GCC da glibc, sannan ka yi amfani da su ka gina sauran, ɗaya bayan ɗaya. Ba a cika tafiyar da ofis a kan abin da aka gina ta haka ba, amma wanda ya kai ƙarshen littafin ya san dalilin zaman kusan kowane fayil da ke cikin tsarinsa.

A gefe guda kuma akwai dangin BSD, waɗanda asalinsu daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley yake, ba daga ƙwayar Torvalds ba. FreeBSD ta fito a 1993, kuma a kanta Netflix yake tafiyar da sabobin da suke turo wa masu kallo finafinai. OpenBSD, wadda Theo de Raadt ya assasa a 1995, ta shahara da tsantseni a kan tsaro da tsabtar littattafan bayaninta. Daga wurinta OpenSSH ta fito a 1999, wadda da ita injiniya yake shiga saba daga nesa cikin sirri, ko yana falonsa a Gwarinpa sabar tana Legas. Ƙungiyar masu kula da hanyoyin sadarwa ta Afirka, AfNOG, wadda ta fara taro a 2000 kuma ta zo Abuja a 2007, ta daɗe tana horar da injiniyoyin nahiyar nan a kan FreeBSD.

Yadda gwani yake auna zaɓinsa

Abin da ya fi burgewa ga masu wannan sana'a shi ne yadda suke auna abu kafin su taɓa shi. Tambayar farko ita ce, me nake so in iya? Wanda burinsa kula da sabobin banki ko kamfanin sadarwa ko ma'aikatar gwamnati, zai fi cin riba idan ya ɗauki Debian, wadda Ian Murdock ya assasa a watan Agustan 1993, ya ɗora ta ba tare da allon hotuna ba, ya kafa mata sabar shafin intanet da rumbun bayanai da katangar tsaro duk daga baƙin allo. Ko kuma ya bi dangin Red Hat, kamfanin da IBM ya saya a 2019 a kan dala biliyan 34, ta hanyar Fedora ko Rocky Linux ko AlmaLinux da ake samu kyauta. Jarrabawar RHCSA ta Red Hat babu zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu a cikinta. Kwamfuta ake ba ka da jerin ayyuka, ka yi su su yi aiki ko ka faɗi. Mai son hanyoyin sadarwa da tsaro ya leƙa OpenBSD. Mai son sanin yadda aka ƙulla komai ya hau Arch, daga nan Gentoo, daga nan littafin Beekmans.

Ta biyu, wace kwamfuta ce a hannuna? A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10, Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Irin waɗannan kwamfutoci na hannu ne suka cika shagunan Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse II, maƙwabciyar Maitama, da titin Beirut a Kano. Ga mai koyon Linux wannan garaɓasa ce, domin tsohuwar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ta ishe shi. Gwani ba ya biyan kuɗi sai ya tayar da kwamfutar da filashinsa a nan cikin shago, ya ga ko Wi-Fi da sauti da allo sun amsa, domin wasu katunan sadarwa da na hoto suna da taurin kai a kan Linux.

Ta uku ita ce wadda masu ba da shawara daga Turai ba su cika tunawa da ita ba: data da wuta. Zubin da yake sabuntawa kullum kamar Arch yana shan data, mai saye da kuɗin aljihunsa kuwa dole ya yi lissafi. Debian tsayayya, wadda sabon zubinta yake fitowa kusan duk bayan shekara biyu, gyaran tsaro take turowa a tsakani, don haka ta fi sauƙi ga aljihu. Harhaɗa babbar manhajar shiga intanet a Gentoo yana iya cin awoyi masu yawa a kan tsohuwar kwamfuta, injin yana ɗaukar zafi, fanka tana kuka. In aka ɗauke wuta kuma batir ya mutu a tsakiyar sabunta ƙwaya, kwamfutar tana iya ƙin tashi. Shi ya sa gwanin nan gida yake duba batir da inbata kafin ya danna, kuma ya san cewa tun Disambar 2023 Gentoo tana bayar da manyan manhajoji a harhaɗe ga mai buƙata.

Ta huɗu, me zan rasa in abu ya ɓaci? Ɗalibin da aikin kammala digirinsa yake cikin kwamfutarsa tilo bai kamata ya yi gwajin fdisk a kanta ana saura mako guda ya miƙa aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana fara gwaji ne a cikin kwamfutar kwaikwayo da ake ƙirƙira a cikin ta gaske da VirtualBox ko QEMU, inda in ka rushe komai sai ka goge ka sake. In hannu ya faɗa, sai a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje, a tabbatar suna buɗewa daga can, sannan a taɓa ƙarfe.

Idon da yake ganin rabin daƙiƙa

Amfanin duk wannan wahala shi ne halin da take dasawa. A ɗakin saba za ka ji yaron da yake koyon aiki ya ce, "Oga, ta ƙi tashi." Ogan ba zai taso ba tukuna, sai ya ce, "Me ta rubuta maka?" Amsar tana cikin wannan tambaya. Linux ba ta mutuwa shiru, tana rubuta abin da ya same ta. Umarnin dmesg yana nuna abin da ƙwaya ta gani a jikin ƙarfe, journalctl yana buɗe kundin abin da kowace manhaja ta yi da lokacin da ta yi shi, man kuma yana kawo littafin bayanin kowane umarni ba tare da intanet ba. Wanda ya taso a kan zubi mai wuya ya saba ya karanta kafin ya taɓa, ya canza abu ɗaya a lokaci guda, ya rubuta abin da ya canza. Kashewa da kunnawa a yi fatan alheri ba ya cikin tsarinsa.

Duniya ta ga ranar wannan hali a 29 ga Maris na 2024. Andres Freund, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu rubuta rumbun bayanai na PostgreSQL, yana gwaje-gwaje a kan reshen Debian da ake zuba sababbin manhajoji tun ba su nuna ba. Sai ya lura shiga kwamfuta ta SSH yana cin ƙarfin inji fiye da kima, yana kuma jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Wani zai ɗora laifin a kan intanet ya wuce. Shi kuwa sai ya bi sawu, har ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux take ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe wajen shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince masa. Da ƙofar ta kai ga zubin da manyan ma'aikatu suke amfani da su, da sabobi marasa adadi sun zama a hannun baƙo. Abu biyu ne suka hana: rubutun a buɗe yake ga mai son dubawa, kuma an sami mutumin da ya san yadda tsarinsa ya saba tafiya har ya ji canjin rabin daƙiƙa.

Inda ƙafa take zamewa

Wannan hanya tana da ramukanta. Samari da yawa suna fara wa da Kali Linux, wadda ta fito a 2013 a kan tushen Debian domin masu gwajin tsaro, saboda a ce musu masu kutse ne. Masu Kali da kansu sun yi gargaɗi cewa ba don sabon shiga aka yi ta ba. Tara kayan aiki ɗari a hannun wanda bai san yadda ikon fayil yake aiki ba, ado ne kawai. Wasu kuma yawon zubi suke yi, yau Fedora gobe Manjaro jibi wata, sun iya ɗorawa amma ba su taɓa zama da ɗaya har ta lalace su gyara ba, alhali a wurin gyaran ilimin yake. Akwai masu kwafo umarni daga intanet ko daga manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira su liƙa ba tare da sun fahimta ba. Baƙin allo ba ya tambaya sau biyu, layi ɗaya na rm, umarnin goge fayil, a hannun babban mai iko yana iya share aikin shekara. Sai kuma girman kai, inda mai Arch yake raina mai Ubuntu. Gwanayen gaske ba su da wannan. Da yawansu, bayan sun gama zagayen Gentoo da Slackware, Debian ko Ubuntu suke ɗora wa sabar ofis, domin sun san ma'aikata kwanciyar hankali take buƙata. Bambancin shi ne yanzu sun san abin da yake ƙarƙashi.

Ga mai niyya

Buƙatar irin waɗannan hannaye ƙaruwa take yi. A 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha. Kwas na 'yan watanni yana buɗe ƙofa, amma zurfin sai mutum ya haƙa da kansa. Ga mai jin Hausa kuma akwai ƙarin fili: Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sannan ƙofar fassara buɗaɗɗun manhajoji zuwa harshenmu a buɗe take ga duk mai son sa hannu, ba sai da izinin wani kamfani ba.

Shugabannin sassan kwamfuta a ma'aikatun Abuja suna da abin da za su yi da ba zai ci musu kasafi ba. Tsofaffin kwamfutocin da suke jibge a sito suna shan ƙura, a goge bayanan da ke cikinsu bisa ƙa'ida, a ware ɗaki guda, a bar ɗaliban koyon aiki da 'yan hidimar ƙasa su ɗora, su rushe, su gyara. Jami'o'i da kwalejojin fasaha na Arewa ma haka.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, in Ubuntu ko Mint ta daina ba ku mamaki, lokacin hawa mataki na gaba ya yi. Ku fara da Debian marar allon hotuna a cikin kwamfutar kwaikwayo, ku kafa mata sabar shafi guda, ku shiga ta SSH daga wayarku. In wannan ya zauna, ku ɗora Arch da hannu, littafin bayaninta a buɗe a gefe, kuna rubuta kowane umarni da dalilinsa a cikin littafinku. Ku zauna da ita wata shida ba tare da kun gudu ba, duk abin da ya lalace ku gyara shi a wurin. Da koyo akan iya, kuma wannan ilimi ba ya neman kuɗin lasisi, tsohuwar kwamfuta da filashi da haƙuri kawai yake nema.